Rantsuwar da Ban Yi Ba

Ni ba na rantsuwa a kan kaya. Duk wanda ya san ni a kasuwar Bab Makka ta Jidda ya san haka. Zan yabi yadi har mai shagon ya soma jin kunya. Zan ce wa Hajiya idan ta ɗaura wannan leshi ranar suna, ko mai jego ba za a kalla ba. Zan shinshina turare in lumshe ido kamar wanda aka leƙa da shi Aljanna. Duk wannan kasuwa ce, mai saye ma ya san kasuwa ce. Amma sunan Allah ba ya fita daga bakina a kan abin sayarwa. Mahaifina ne ya cire min wannan tun ina ƙarami, da takalminsa, kuma takalmin na fata ne mai nauyi. Saboda haka idan ka ji na ce wallahi, to magana ta ƙare. An raba rigima da rantsuwata a kasuwar nan. An mayar da kaya da ita. Wata shekara har auren wani ta ceta. Ba ni da gida nawa, ba ni da shago, ba ni da takardar makaranta. Abin da na tara ke nan.

A unguwar Ammariyya, nan Jidda, aka haife ni. Kakana ya taso daga Kano da ƙafa, ya yi hajji, ya ce bari ya ɗan huta kafin ya koma. Har yau muna hutawa. Karatun allo na tsaya a inda malam ya gaji da ni, madarasa kuwa na shiga ta ƙofa na fita ta taga. Sana'ata rakiya. Alhazai idan sun gama ibada suka gangaro Jidda sayen tsaraba, ni ne bakinsu. In yi wa mai shago Larabci, in juyo in yi wa alhaji Hausa, in tsaya a tsakiya kowa na zargin na fi son ɗayan, gobe kuma kowa ya dawo nemana.

Wanda ya jawo min wannan bala'i Bazazzagi ne, to me kuke tsammani. Injiniya ne, kamfani ya ɗauko shi daga Najeriya, magidanci ne da furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Yakan zo wurin mai shayi a unguwar Sharafiyya, inda muke zama bayan la'asar, don ya ji Hausa kada ta guje masa. Ni ina ce masa bawana, shi yana ce min Bakanon da bai taɓa ganin Dala ba. Mun saba sosai, har maganin gwiwa yakan kawo min.

Wata rana ya ce, "Baba, murya muke nema."

"Taka ina ta je?"

"Tawa ta Zariya ce, tsofaffi ba za su yarda da ita ba."

"Yau kam gaskiya ta kama ka."

Ya yi min bayani. Kamfaninsu babba ne, na can ƙasashen Turawa, ya buɗe reshe a arewacin Jidda. Suna gina abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira, wato na'urar da za ka tambaya ta ba ka amsa kamar mutum. Suna so ta yi Hausa a cikin waya. Alhajin da ya ɓace a filin jirgi, tsohuwar da ke neman asibiti, su tambaya a amsa musu da muryar da za ta kwantar musu da hankali. Na ce ai wannan aikin lada ne. Abin da ban faɗa ba shi ne kaina ya kumbura har hula ta matse ni.

Suka shigar da ni wani ɗaki da aka yi wa bangonsa katifa, suka ce in yi ta surutu. Ni da matata ta tsufa tana roƙon in yi shiru, yau ga masu roƙon in yi magana, har da ruwan sanyi a gefe. Na ba su labarin zamanin da alhazai ke sauka daga jirgin ruwa suna layi kamar 'yan maye. Na ba su labarin ɓarayin tsaraba. Na yi musu dariya, na yi musu tari. Na ɗauka abin da na faɗa shi za ta riƙa maimaitawa, kamar kaset. Ashe ba kalmomin suke ɗiba ba, maƙogwaron suke ɗauka. Da zarar ta koyi muryarka, halas, shi ke nan, za ta faɗi abin da ba ka taɓa faɗa ba, kuma uwar da ta haife ka ba za ta bambance ba.

Bayan nan Bazazzagi ya zo da wata magana. Ya ce kamfani ya kafa kwamitin dattawa don su sa ido. "Babu abin da zai fita da Hausa sai kun gani, Baba." Aka saka ni, da wani malami na Sharafiyya wanda rabin 'ya'yanmu sun sha bulalarsa, da wasu dattawa biyu. Aka rataya mana kati a wuya mai hotonmu, idan ka kara shi a ƙofa sai ta buɗe da kanta. Na kara, na shiga, na fito, na sake karawa. Matata ta ga katin ta ce, "Mu dai a saninmu akuya ake rataya wa abu a wuya." Na ce mata hassada ce.

Zaman farko-farko lafiya lau. Muka ce na'urar ba ta da tarbiyya, tsohuwa za ta tambaye ta hanya ta fara da hanyar, babu sannu, babu ya gajiya. Suka gyara. Muka ce ta daina gaggawa kamar mai bin bashi. Suka gyara. Muka fito muna gyara babbar riga, muna ganin yanzu Turawa sai abin da muka ce.

Sai ranar da aka ce mai kamfanin da kansa zai yi magana da mu.

An cika tebur da shinkafa da rago, muka ci muka yi nak. Samarin ofis maza da mata suka jeru jikin bango. Aka kunna wani ƙaton allo, sai ga shi, yaro ne da bai kai ɗana na fari ba, da 'yar riga mai gajeren hannu, yana tauna wani abu. A gefensa akwai wasu fuskokin a ƙananan tagogi, ba mu san su ba. Yana Turanci, Bazazzagi na juya mana. Ya yabe mu. Ya ce mu ne lamirin kamfaninsa. Ban san mene ne lamiri a wurinsa ba, amma na gyaɗa kai. Sannan ya ce yanzu na'urar za ta taimaki alhazai wajen sayayya, ta nuna musu shagunan da suka ƙulla hulɗa da kamfani. Ya ce masana sun auna sun gano irin maganar da ta fi sa mutanenmu amincewa. Ya ce mu saurara.

Sai na ji kaina. Ni ne, da ɗan kakin nan nawa, da yadda nake jan numfashi kafin in faɗi babbar magana.

"Hajiya, je ki shagon nan na kusa da ƙofa. Wallahi atamfarsa ba ta zuba. Wallahi babu kamarsa a Jidda."



Yaron ya yi murmushi ya tambaya ko akwai mai ja. Muka dubi Malam, don shi ne babbanmu, kuma ba a riga babba magana. Malam ya sunkuyar da kai. Ya sa bayan hannu ya ture kofin shayinsa, cike, zuwa tsakiyar tebur. Ni na cire hula na ɗora a gwiwa. Sauran biyun suka kama kallon silin. Can Malam ya miƙe, muka miƙe. Babu fatiha, babu Allah ya sa alheri. Duk ɗan da ya tashi a gaban manya ya san idan taron dattawa ya watse babu addu'a, to an yi tsawa, aradu ta faɗi. A ganinmu mun yi masa kaca-kaca, mun kuma rufa masa asiri.

Yaron ya tafa hannu, allo ya yi duhu.

A cikin lif Malam ya ce, "Ba a kunyata mutum a gaban yaransa da baƙinsa, balle mun ci abincinsa. Mu same shi a gida, mu huɗu, mu gaya masa a kunne. Zai janye, kowa ya tsira da mutuncinsa." Muka ce haka ne. Haka aka yi da mu, haka muka yi da na bayanmu.

Washegari na tare Bazazzagi a wurin mai shayi.

"Ina gidansa?"

"Gidan wa, Baba?"

"Mai kamfanin. Malam ya ce mu je mu same shi."

Ya yi dariya har ya ƙware. Da ya ga ni ba na yi, ya ajiye kofin.

"Baba, ba a ƙasar nan yake ba. Ni kaina ban taɓa ganin ƙafarsa ba. Daga ƙirji zuwa sama na san shi."

"To ubansa fa? Ko kawu, ko wani babba da yake jin nauyi."

"Ba haka suke yi ba."

"Wane ne kafilinsa?"

Ga wanda bai zauna a nan ba: duk baƙo a ƙasar nan yana da kafili, wanda ya tsaya masa, wanda iƙamar baƙon, wato takardar izinin zamansa, ke rataye a wuyansa. Ni da aka binne cibiyata a Ammariyya ina da shi. Idan na yi ba daidai ba, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Kafilin ma akwai wanda zai kira shi ya zo da sauri yana gyara rawani. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin mutumin da babu ƙofar da za a ƙwanƙwasa a kansa ba.

Bazazzagi ya ce, "Akwai majalisar daraktoci. Su ne a samansa. Waɗancan fuskokin da ka gani a gefe."

"Madalla. Wa ya naɗa su?"

"Shi."

"Idan ya ce e, suka ce a'a fa?"

"Sai a kaɗa ƙuri'a."

"To ka gani."

"Tasa ta fi tasu nauyi, ko sun haɗu gaba ɗaya."

"Wa ya tsara haka?"

Ya juya cokali a kofin da babu komai a ciki. "Shi."

"Waɗanda suka zuba dukiyarsu a ciki fa? Ba su da baki?"

"Layi ake yi don a karɓi tasu, Baba. Wa zai ɓata masa rai? Kuma kamfanin nasa ne, ba a kasuwar hannun jari yake ba, balle a tilasta masa ya buɗe cikinsa jama'a su gani."

"Wato kura ce ta ɗauki masu gadin akuya. Ita ke ciyar da su, ita ke sallamarsu."

"Kusan haka."

"Mu kuma fa?"

"Ku masu ba da shawara ne. Kuma an riga an sanar da shi kwamitin dattawa bai ja ba."

Nan ne jinina ya hau. Na ce, "Kai fa? Kai Bahaushe ne, ko da na Zariya. Ka ga Malam ya ture kofi. Ka ga mun tashi babu fatiha."

"Na gani."

"Me ka gaya masa?"

"Baba, magana aka ce in fassara. Ba ku yi magana ba."

Na ɗaga sandata, ban san me zan yi da ita ba, na mayar.

Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Iƙamata a hannunsu take, yarana na makaranta. Da ɗayanku ya buɗe baki ya ce a'a, da na faɗa da Turanci kowa ya ji, babu ruwana. Amma in ɗauki shirunku in mayar da shi a'a da bakina, wannan ta zama tawa. Ina ta kallonka, Baba. Ina ta jira. Kai da ba ka taɓa yin shiru ba."

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ba ƙarya ya yi ba. Ranar ban kira shi bawana ba, shi ma bai ambaci Dala ba.

Na ce wa kaina wataƙila abin ba zai yi nisa ba. Wa zai tambayi waya inda zai sayi atamfa alhali ga mutane? Lokacin Umra ya zo, kasuwa ta cika. Ina tsaye ina taya wani alhaji ciniki, sai na ji an damƙi hannun rigata. Wata Hajiya ce daga Damagaram, tsohuwa, gajera, idonta ja.

"Sake magana," ta ce.

"Hajiya, lafiya?"

"Kai ne. Muryar nan ko a kabari zan gane ta."

Ta buɗe leda ta zaro atamfa. Ta ce ta wanke turmi ɗaya a otal don ta ga kamarsa, ruwan ya koma kamar an yanka rago. Ta saya da yawa, na 'ya'ya da na jikoki da na maƙwabta, abin da ta yi shekaru tana tanadi. Mai shago ya ce abin da ya taɓa ruwa ba ya dawowa.

"Ni ban yarda da Balarabe ba, ban yarda da waya ba. Na ji tsoho ya ambaci Allah, na ce wannan ba zai cuce ni ba. Da furfurarka."

Mutane sun fara taruwa. Waɗanda suka san ni, da waɗanda ba su san ni ba amma sun san muryar. Na dafa ƙirji na ce, "Hajiya, wallahi ba ni ba ne."

Ta dube ni daga hula zuwa takalmi. "Haka ka ce a waya."

Ta naɗe atamfarta ta tafi. Ban taɓa fitar da rantsuwa ta dawo min a hannu ba sai ranar. Alhajin da nake taya ciniki ya ce bari ya ɗan zaga ya dawo. Bai dawo ba.

Na wuce wurin Malam kai tsaye. Na same shi a ƙofar gida yana yanke farce.

"Allah ya gafarta Malam, tambaya na zo da ita. Idan an rantse da muryata a kan ƙarya, wa ke da zunubin?"

"Ba kai ka furta ba. Ba a rubuta maka."

"Alhamdu lillahi. To wa aka rubuta wa?"

"Wanda ya furta."

"Na'ura ce ta furta. Tana da kabari?"

"To wanda ya sa ta."

"Shi bai san me wallahi take nufi ba. An ce masa kalma ce mai sa a yi ciniki. Masu aunawa sun ce su aunawa kawai suka yi. Bazazzagi ya ce shi fassara kawai yake yi. Daraktoci sun ce dattawa ba su ja ba. Dattawan kuwa mu ne, Malam."

Ya ajiye abin yankan farcen. Sannan ya ce, "Da na yi magana."

Ban taɓa jin Malam ya faɗi irin wannan ba, kuma ban ji daɗin jinta ba.

Muka shirya mu huɗu, wannan karon da baki. Na kwana biyu ina haɗa abin da zan faɗa, har ina gwadawa a kan matata, tana cewa in rage zagin uwa don ba a san ko tana da rai ba. Muka sa manyan riguna muka hau tasi. Na kara katina a ƙofa. Ƙofa ta yi ƙara, ta nuna ja, ba ta motsa ba. Malam ya kara nasa, haka. Muna tsaye a rana kamar masu neman sadaka, sai ga wata yarinya ta fito da murmushi da kwalayen dabino masu kyau. Ta ce kwamitin dattawa ya kammala aikinsa cikin nasara, kamfani na godiya. Ta ce yanzu an kafa wani sabon kwamiti na duniya baki ɗaya, mai kula da dukkan harsuna. Na tambaye ta a ina yake zama. Ta ce a allo. Na tambaye ta wa ya zaɓi 'yan cikinsa. Ta ce za ta bincika.

Ba sai ta bincika ba.

Ni ban yi karatu ba, amma na ga masu arziki iri-iri a garin nan. Na ga mai jiragen ruwa da uwarsa ke aika masa ya zo ya durƙusa. Na ga attajirin da limamin unguwa ya hana shi sahun gaba har sai da ya sallami ma'aikatansa da haƙƙinsu. Mutum komai girmansa akwai mai kama masa kunne, in ba haka ba ya zama annoba. Wannan yaro ya gina abin da ke raɗa a kunnen mutanen da ba su ƙirguwa, tsofaffi, baƙi, waɗanda ba su san hanya ba, ya kuma zauna ya tsara yadda babu mai kama nasa kunnen. Ba mantuwa ya yi ba, tsarawa ya yi. Sannan ya tara irinmu, ya ciyar da mu rago, don idan an tambaye shi wa ke sa masa ido ya nuna hoton tsofaffi huɗu da manyan riguna. Hoton yana nan a wurinsu har yau, an gaya min. Ni ne na gefen dama, mai washe baki.

Dabinon kuwa na ci. Ba shi ya yi min laifi ba.

Na roƙi Bazazzagi a cire muryata gaba ɗaya. Ya ce ya kai maganar sama, sama ta kai sama. Na ce to a bar muryar a cire sunan Allah. Ya ce wannan ma tana sama. Duk lokacin da na tambaya tana sama. Ni kuma a ƙasa mutane sun fara yi min wani irin kallo. Masu shagon da suka san ni tun ina da baƙin gashi suna cewa, "Ya shaikh, mu ma ka rantse mana mana." Wasa suke yi. Ni ba na jin wasan.

Wata safiya na ɗauki kujerar roba ta matata, wadda take zama a kai idan tana tsintar shinkafa, na tafi Bab Makka. Na ajiye ta jikin bango, dab da ƙofar shagon atamfar nan, na zauna. Duk Bahaushen da ya nufo ƙofar da waya a hannu sai in yi masa sallama.

"Alhaji, barka da ibada. Ka san muryar nan?"

Sai ya dubi waya, ya dube ni.

"Ni ne. Ban ga kayan nan ba, ban taɓa su ba, ban rantse ba. Ban ce ba su da kyau ba. Shiga ka duba da idonka. Ka jiƙa bakin zanen da yawu ka goga a farin hankici, abin da ka gani shi ne."

Wasu su shiga su goga. Da yawa su wuce, don babu mai son ciniki a inda ake shari'a a bakin ƙofa. Mata suka fi tsayawa, su kira 'yan'uwansu su zo su ga tsohon cikin waya, wata har ta taɓa ni ta ji ko mutum ne.

Kafin azahar mai shagon ya fito. Na san ubansa, mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa. Ya ce da Larabci, "Ya ammi," wato baffa, "me na yi maka?"

"Ba ka yi min komai ba, ɗana. Zama nake yi. Gwiwa ce."

"Ka zauna a wani wurin mana."

"Nan ne inuwa."

Ya kawo min shayi, na sha, ban tashi ba. Ya ce zai kira baladiyya, wato hukumar gari mai korar 'yan talla, na ce ya kira, ba na sayar da komai. Ya koma ciki ya ɗauki waya ya kira kamfanin. Ina jiyo shi yana ɗaga murya, yana cewa shi bai biya don a kawo masa tsoho a ƙofa ba.

Ba a kira magariba ba sai ga Bazazzagi, da gumi, da igiyar katinsa a wuya. Ya tsuguna a gabana ya danna waya. Muryata ta ce akwai shagon atamfa kusa da ƙofa, yana buɗewa bayan sallar asuba. Shi ke nan. Babu wallahi.

"An cire, Baba."

"Wa ya cire?"

"Umarni ne daga sama."

"Ashe saman tana da kunne."

"Tana da shi. Ba kowa take ji ba."

Malami da dattawa uku sun tsaya a rana an sallame su da dabino. Mai shago ya ɗaga waya sau ɗaya an gyara kafin rana ta faɗi. Da na san haka ne da tun farko ban sa babbar riga ba.

"An cire duka?" na ce.

Ya sosa ƙeya. "Na shagon nan."

"Sauran fa?"

"Su ba su yi ƙorafi ba."

"Za su yi."

"Baba, suna da yawa. Ga gwiwarka."

"Kai dai ka ci gaba da kawo magani, bawan banza."

Ya yi dariya, amma idonsa bai yi ba.

Kafilina ya kira ni a daren, wani ya kai masa labari. Ya ce, "Ya ammi, kada ka jawo min mushkila. Idan aka ɗauke ka ni za a nema." Na ce masa in sha Allahu ba za a ɗauke ni ba, zama kawai nake yi. Ya ce iƙamata ta kusa sabuntawa, in tuna da haka. Na ce ina tune. Ina tune ɗin kuwa, kullum.

Matsalar da na fara samu ita ce ban san shagunan ba. Bazazzagi ya ce ba zai iya gaya min ba, kuma ban matsa masa ba. Sai na ga ai akwai wanda ya san su duka kuma ba ya ɓoyewa. Yanzu idan na karya kumallo sai in ɗauki waya in danna, in ce, "Baba, ina zan sami turare mai kyau?" Sai in ji na ja numfashi, na yi ɗan kaki, na kwatanta shagon tiryan-tiryan, na rantse da Allah babu kamarsa. In ce astagfirullah a madadinmu mu biyu, in saɓi kujera.

Jiya ta aike ni wurin mai agogo a can ƙarshen kasuwa, inda babu inuwa ko ta tsinke. Mutumin taurin kai gare shi, ya ce in zauna har in narke. Yau ma can zan koma, da lema.